Gilashin da Ke Bayan Kabad ɗin Inna

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda na saba, ko da yake na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ka tafi ban iya rubuta ko sunana ba. Yanzu na iya, sai ga shi babu inda zan aika.

Yara suna lafiya. Mahaifiyarka Inna ma da sauƙi, sai dai ƙafar. Ko bakin ƙofa ba ta kaiwa sai an riƙe ta.

Kwanakin baya, bayan la'asar, ƙasa ta motsa. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji kwanuka suna kaɗawa, ruwan randa yana rawa. Kafin in miƙe ya wuce. A nan Hayin Banki wasu sun ce masu fasa dutse ne, wasu sun ce girgizar ƙasa ce irin wadda ake faɗa a rediyo. Har yau ban san gaskiyar ba.

Washegari na tafi Unguwar Dosa, gidan Hajiyar da nake yi wa girki tun bayan rasuwarka. Dariya ta yi, ta ce ita ta ɗauka tirela ce ta wuce. Wai ƙasarmu ba ta girgiza, in ma ta yi, sai ta zuba yara a mota su tafi Zariya gidan yayanta. Ban ji haushinta ba. Gininta na kankare ne, ga mota a ƙofa. Ni fa, ina zan kai yara uku da tsohuwar da ba ta tafiya? A bayana zan goya ta?

Ka san abin da ya tsaya mini a rai: tsagar nan ta bangon ɗakin Inna, wadda ta sauko daga sama ta shige bayan kabad. A ranar da ƙasar ta motsa na fitar da gadonta ƙarƙashin rumfa, ga damina. Ta soma tari. Kullum sai ta ce mini uwar tsoro, wai in mutuwa ce gara ta same ta a ɗakin da ɗanta ya gina. Ƙanenka Isa ya zo ya ga halin da ake ciki, ya ce ranar Juma'a zai mayar da ita ƙauye. Malam, a can wa zai riƙa gasa mata ƙafa? Amma ban iya cewa a mayar da ita ɗakin ba.

Ranar Laraba na janye kabad ɗin don in haɗa mata kaya. Sai na ga guntayen gilashi uku an gitta su a kan tsagar, an manne bakinsu da siminti. A jikin simintin akwai rubutu da aka yi da ƙusa. Na durƙusa ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, yadda malamarmu ta yaƙi da jahilci ta koya mana. Ka rubuta: duba kowace damina. A ƙasa kuma ga zane bakwai a jere.

Na aika aka kira abokin aikinka Malam Sani magini. Ya haska, ya shafa, ya ƙwanƙwasa bangon ciki da waje. Ya ce haka kuke yi in kuna son sanin ko tsaga tana tafiya, da bangon ya gusa ko kaɗan da gilashin ya fashe. Ukun nan kuwa ko ɗaya bai tsage ba, har da motsin ranar nan. Ya ce a mayar da Inna, in ruwa ya ɗauke zai zo ya cike wurin. Ya ƙara da cewa kai dama ba ka iya bayani ba, sai aiki.

Gaskiya ya faɗa. Amma ni ma ina da laifi. Sau nawa na yi maka gori, magini guda ɗakin uwarsa a tsage? Sai ka ce an duba, ni kuwa in ɗauka kore ni kake yi. Shekara bakwai kana janye kabad ɗin nan ni ban sani ba. Me ya hana ka nuna mini? Ko ka nuna, na ga zane ne kawai na wuce? Ka yafe mini.

Inna ta koma ɗakinta, tarin ya lafa. Da Isa ya zo ranar Juma'a, ta ce ya sha ruwa ya koma, ita ba kayan aike ba ce. Tsoron bai fita gaba ɗaya ba, in babbar mota ta wuce har yanzu ina kallon randa. Amma ina cin abinci, ina barci.

Ban mayar da kabad ɗin jikin bango ba, na bar rata yadda hannu zai shiga. Na samo ƙusa a akwatin kayan aikinka na ja zane na takwas. Ya ɗan karkace, ba kamar naka ba.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

Matarka, da hannunta,
Asabe