Kada Ka Buɗe Motar Baba

Yaya Badaru,

Na tafi Basirka wurin Malam Abdulnasir, abokin marigayi Baba. Makullin motar yana hannuna.

Da hantsi na sauya takalman birkin baya, saura cire iska. Ka san aikin mutum biyu ne, ɗaya yana taka birki, ɗaya yana kwance noti a ƙasa. Ina kwance a ƙarƙashinta na ji an buɗe ƙofa an zauna, har motar ta lotsa. Na ɗauka kai ne. Na ce taka, aka taka sau uku aka riƙe, sannan aka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu. Baba kaɗai ke yin haka, tun muna yara. Har dariya na yi, na ce Yaya ya tuna. A haka muka gama ƙafa uku.

A ta huɗu na ce a taka a riƙe, na nemi a miƙo min sifana, shiru. Na fito, babu kowa, ƙofofin a kulle, makulli a aljihuna. An matso da kujera gaba, daidai tsawon ƙafar Baba. Inna Kulu ta ce ai tun safe ka tafi Gwaram.

Don Allah kada ka nemi wani makulli, kuma kada Inna ta sani tukuna.

In ka ga jar fitilar birki ta baya a kunne, ba wayar wuta ce ta taɓa ba. Na ce a taka a riƙe, ban ce a saki ba.

Zulkifli