Hannuwan Bangon Gabas

Wuse, Abuja
6 ga Fabrairu, 2023

Yaya Magdalena,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya ƙafa, yaya mutanen gida? Na rubuto ne don kunnenki ba ya ɗaukar waya, in na kira sai mu yi ta ihu kamar masu faɗa.

Kin san ni. Na bar Tudun Gawo da riga ɗaya da takalmin roba, ko aji uku na sakandare ban gama ba. Na yi leburanci a Garki tun tana daji, na ɗauki kwanon kankare a ka har gashina ya zube. Yau ina da gidan bulo biyu, tifa huɗu, shagon kayan gini a Wuse, da bene a Karu. 'Ya'yana uku duk sun ga jami'a. Ba uban gida, ba ɗan siyasa, ba wanda ya taɓa riƙe mini tsani. Da hannun nan nawa mai karkataccen ɗan yatsa na yi komai.

Na ji tun da kuka koma sabuwar majami'a ta bakin titin Kurudu, tsohuwar ta ƙasa ta zama ɗakin awaki. Na ji kuma kwamitin gari na so a gyara ta ta zama zauren jama'a, inda za a yi taro, a yi awon jarirai, mata su koyi ɗinki. Shekara biyu ke nan suna zama suna tashi, ko ƙusa ɗaya ba su buga ba.

Ki gaya musu na ɗauki aikin, ni kaɗai. Zan sauke tsohon kwano in sa sabo, in yi filastar siminti ciki da waje, in sa tayil, in sa taga ta gilas, in jawo wuta. Duk wanda ya shiga sai ya ɗauka yana Maitama.

Sharaɗina ɗaya ne. A kafa allon dutse a bakin ƙofa, a rubuta: Thaddeus Yamusa ne ya tayar da wannan gini. Ba na son a jera ni da sunayen waɗanda suka zo kallo.

Ƙanenki,
Thaddeus Yamusa

*

Tudun Gawo
15 ga Fabrairu

Auta,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da iyalinka. Ƙafa da sauƙi, sai dai in hadari ya taso.

Na karanta wa kwamiti wasiƙarka, sun yi tafi, zumuntar mata har da guɗa. Allon dutse kuma ba wanda ya ƙi. Allah ya ƙara buɗi.

Amma Baba Nathan magini ya biyo ni har gida, yana dogara sanda. Kana tuna shi ai, shi ya rage a cikin waɗanda suka ɗora tubalin majami'ar. Ya ce in gaya maka bangon ƙasa numfashi yake yi. Yana shan ruwa da damina, ya fitar da rani. In ka rufe shi da siminti ciki da waje, laimar da ke tasowa daga ƙasa ba ta da hanyar fita, sai ta ci shi ta ciki kana ganinsa fes ta waje. Ya ce a bar mata su yi yaɓe da laka da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, kamar yadda muke yi duk bayan girbi, kai ka yi mana rufi mai dogon baki da magudanar ruwa.

Ni kuma roƙona bangon gabas ne, na bayan bagade, inda mai wa'azi ke tsayawa. Shekarar da aka yi ginin, kowa da ya ɗauki laka sai da ya danna tafinsa a jikin bangon tun yana ɗanye, don yawancinsu ba su iya rubuta suna ba. Hannu tamanin da wani abu. Na Babanmu yana nan, na Mama yana nan. Shekara sittin muna yaɓe ko'ina, ban da wurin nan.

Rabonka da garin nan tun jana'izar Mama, shekara goma sha ɗaya, alhali tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Ka zo kafin a fara. Akwai abin da nake so in nuna maka a bangon da yatsana.

Yayarka,
Magdalena

*

Wuse
20 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, aiki ya yi mini yawa a Lugbe.

Bango na numfashi! Shekara arba'in ina gini a garin nan ban taɓa jin bango ya yi atishawa ba. Baba Nathan dattijo ne, ina girmama furfurarsa, amma ko jakar siminti ɗaya bai taɓa fasawa ba. Foman ɗina, mai kula da aikin, ya ce kullum sai tsohon ya zo ya zauna a gindin gawo yana girgiza kai, har ya riƙe wa birkila cokalin gini yana cewa kada a taɓa gabas. Na aika a gaya masa ya zauna a gida ya huta. Jirgi ɗaya ba ya matuƙi biyu.

Maganar hannuwa kuwa, Yaya, mu faɗi gaskiya. Wannan bangon talauci ne. Ni a ɗakin nan na zauna a ƙasa ina koyon baƙi, ƙuma na cizona, ruwa na ɗiga a allona. Abin da na gudu na bari ke nan, yanzu kuma ki ce in sa masa fitila baƙi su zo su gani? In ma'aikatan lafiya sun zo awon jarirai, so nake su ga bango mai santsi da farin fenti, su san garin nan ya haifi mutum.

An riga an gama. An buga wayar raga da ƙusa, an yi filasta, gabas ma an rufe. An aiko mini da hoto, ko ni da na saba ganin gini sai da na yi murmushi. Mama na cikin zuciyata, ba sai na gan ta a laka ba.

Zan zo ranar buɗewa, bayan damina. Allon dutsen yana nan a shagona an sassaƙa shi, haruffa ruwan zinariya.

Naki,
Thaddeus

*

Tudun Gawo
25 ga Agusta

Auta,

Ina gaishe ka da baƙin ciki. Jiya Alhamis da rana, ana cikin ruwan nan na kwana uku, bangon gabas ya faɗi. Ya ja rabin rufi ya sauko da shi. Mun gode wa Allah ba kowa a ciki, matan ɗinki da suka fara aiki a ciki tun kafin buɗewa sun fita ke nan za su kai kekuna gidan shugabarsu Rosemary saboda danshi.

Simintin ya ɓare falle-falle kamar ɓawon rogo. Abin da ke bayansa ba bango ba ne, kunu ne. Muna tsaye ruwa ya kwashe shi ya bi da shi kwata.

Baba Nathan ya cire hularsa ya tsaya a cikin ruwan har sai da aka ja shi.

Magdalena

*

Wuse
28 ga Agusta

Yaya,

Na samu saƙo. Allah ya kiyaye gaba.

Kada kowa ya ɗora mini wannan. Simintina mai kyau ne, daga shagona ya fito, ba a rage ko cokali ba. Na yi magana da ciyaman ɗin kwamiti a waya, ya ce shekara biyar da suka wuce Baba Nathan ya yi faci a gindin bangon nan. To ga dalili nan. Ya yi facin banza ya rufe, ya zo yana mana wa'azin numfashi. Ciyaman ya ce haka za su rubuta a littafin taro, a karanta wa jama'a ranar Lahadi mai zuwa.

Zan rushe sauran in tayar da na bulo cikin wata biyu. Ki ce mata su daina kuka, gini ne, ba mutum ba.

Thaddeus

*

Tudun Gawo
31 ga Agusta

Thaddeus,

Ina gaisuwa. Direbanka zai ba ka wannan takarda da wani ƙunshi a cikin tsohon zanen Mama. Ka buɗe a hankali.

Ciyaman zai rubuta duk abin da kake so, don yana tsoron kada ka janye. Amma facin Baba Nathan yana nan tsaye, shi kaɗai ya rage a gabas, don birkilanka sun ƙare filasta a samansa ba su sauko ba. Kowa ya gani, ba mai iya faɗa. Tsohon ya daina fitowa, ya ce in za a karanta sunansa a kan wannan, gara a karanta ba ya wurin.

Da ruwa ya ɗauke muka shiga tsince-tsince. Ashe da aka watsa siminti ya shiga cikin tafukan ya ɗauki siffarsu. Laka ta tafi, hannuwan suka fito a bayan simintin, kamar mutane na turo bango daga ciki. Yawanci ƙusa ta farfasa su. Na Babanmu ban same shi ba. Na Mama yatsu uku suka rage.

Kusa da su akwai ɗan ƙaramin hannu, bai fi ganyen gwaba biyu ba. Dubi ƙaramin yatsan, a karkace yake.

Kana shekara huɗu ka nace sai ka ɗauki laka, aka zuba maka a murfin kwano, ka kai sau biyu kana haki. Ranar danna hannu ba ka kai tsawo ba, Mama ta ɗora ka a kafaɗa ta riƙe wuyan hannunka ta danna. Ka yi kuka don lakar da sanyi. Ta ce, "Ku shaida, Autana ma ya yi gini."

Abin da na so in nuna maka ke nan. Kai kaɗai ne yaro a bangon, Auta. Shekara sittin sunanka na wurin.

Yayarka,
Magdalena

*

Wuse
2 ga Satumba

Yaya Magdalena,

Ina gaishe ki. Ƙunshi ya iso.

Na ɗora hannuna a kai. Bai rufe ko tsakiyar tafina ba. Tun jiya yana kan teburina a shago, mutane na shigowa sayen ƙusa ina ba su fenti.

Na sa an juya allon dutsen yana kallon bango. Kada a rushe komai. Ki tambayi Baba Nathan wace irin ƙasa yake so, daga wane rami, tifa za ta kawo. Shi ne oga, foman ɗina ya ɗauki kwanon laka. In ya ƙi, bai yi laifi ba. Gutsattsarin hannuwan kuma a tara su wuri mai inuwa, ko yatsa ɗaya ne kada a zubar.

Gobe Lahadi ina nan tafe. Ki gaya wa ciyaman kada ya kuskura ya karanta abin da ya rubuta. A rayuwata ban taɓa barin wani ya ɗauki aikina ya ce nasa ne ba, ba kuwa zan fara da wannan ba. An gaya mini, an sake gaya mini, na ƙi ji. Ba wanda ya taimake ni.

A buɗe littafin taro a rubuta da manyan baƙaƙe, a karanta da ƙarfi yadda ko ke za ki ji: Thaddeus ɗan Yamusa ne ya kayar da bangon gabas, da hannun uwarsa a ciki. Sunana ni kaɗai. Kada a haɗa ni da ruwan sama.

Autanki