Inna, Na Buɗe Ƙunzugun 'Yar Fari

Zuwa ga mahaifiyata,

Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwar ɗa ga uwar da ta riga shi. Allah ya ƙara haske a makwancinki.

Inna, kin yi jika. Matata Rabi ta haifi mace a nan Liyon ta Faransa, muka mayar mata da sunanki. Yau kwananta hamsin da takwas, tana kwance a lopital, wato asibiti, da ɗinki a ciki.

Kin tuna Hajiya Bintu, matar Kawu da ke aiki a ambasad, ofishin jakadanci? Ita ta zo daga Pari yi wa Rabi wankan jego. Ta zo da akwati uku, da turare, da Faransancin da take yi ta hanci don mu ƙauyawa mu san matsayinmu. Da idon yarinya ya yi rawaya, ta ce shawara ce, kowane jariri na yi. Ta sa aka kawo mata saiwoyi daga kasuwar Château Rouge ta Pari, tana jiƙawa tana ɗura wa 'yar kwana ashirin.

Ni ke fitar da shara, shi ya sa na gani. Kashin yarinya fari fat kamar alli, fitsarinta kamar shayi. Ajina huɗu a lakwal, iyakar bokona ke nan, amma na yi kiwo, na san ɗan akuyar da kashinsa ya sauya launi ba lafiya ba ne.

Na faɗa. Hajiya ta riƙe haɓa. Wai namiji, kuma a kan 'yar fari, yana leƙen ƙunzugu! Ina kunya ta tafi? Rabi ma ta kawar da kai, don ita ko kallon yarinyar ba ta yi a gaban babba. Haka muka zauna mu uku muna kunya, hanta na lalacewa. Har aka yi arba'in ina haƙuri. Wannan haƙurin nawa shi na fi rainawa.

Lokotoron unguwa shi ma gwani ne. Da muka kai masa yarinyar, ya kalli fatarta daga bayan tebur, ya ce a jikin baƙi ba a gane rawaya, mu dawo wata mai zuwa. Shekara nawa ya yi yana karatu, bai iya ɗaga fatar ido ba.

Washegari na naɗe ƙunzugu biyu a leda, na ɗauki 'yata da hannuna, na shiga bas kowa na kallo. A babban lopital wata likita ta buɗe ledar, ba ta ko yatsina fuska ba. Ta ce abubuwa da yawa na kawo haka, sai an bi su ɗaya-ɗaya. Suka ɗebi jini. Suka tambaya ko ni da Rabi dangi ne, na ce e, tunda 'yar ƙanenki ce, Inna, suka rubuta. Suka hana yarinya nono suka yi hoton ciki, maɗaciya ta ƙi bayyana. Suka tsinko hanta da allura. A ƙarshe suka ce hanyar da ruwan maɗaciya ke bi ce a toshe, kuma kowace rana da muka ɓata, hantar ce ta biya.

An yi aikin ranar Talata. Hajiya ta bugo tarho daga Pari tana cewa ai tun farko ita ta ce a je lopital. Na ce na gode, Hajiya.

Likita ta ce ba ta yi mini alkawari ba. Idan aikin ya ci, kashi zai yi launi. Idan bai ci ba, sai neman wata hanta.

Ya Allah, ka gafarta wa Innata, ka bar mini takwararta. Ka sa gobe in buɗe ƙunzugu in ga rawaya, ko kore, ko wane launi ka ga dama.

Ɗanki,
Sani