Aibi Ukun da Na Ƙaga wa Farar Mota

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya karatun jinya, yaya zaman ɗakin kwanan ɗalibai? Mu nan lafiya lau. Mama ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci, ko har yanzu shayi kike kurɓa ki ce kin ƙoshi.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kin san halina, da na ji muryar mutum sai maganar ta gudu ta bar ni da "to" da "haka ne". A takarda kuwa bakina har kunne.

Tun da kika tafi, aikinki na filin motocin Baba ya dawo hannuna. Duk motar da ta shigo, Kawu Bakanike zai shiga ƙarƙashinta ya fito, ya zauna a kan tsohuwar tayar nan yana faɗa ina rubutawa, alherinta a sama, aibinta a ƙasa. Baba ya sa hannu, in manna a gilashin gaba. Kin san yadda yake ji da takardar nan, ita ce ta sa masu neman motar hannu suke tsallake filaye uku su zo namu. Idonsa kuma ya ƙara gajiya, yanzu ko miƙa takardar nesa da fuskarsa ya daina, inda na ɗora yatsa nan yake sa hannu.

Ranar Talata aka kawo wasu motoci biyu kamar tagwaye, duka masu ƙofa biyu. Ɗaya ruwan toka ce mai rufin ƙarfe. Ɗayar fara ce, rufinta na tamfol, in an danna maɓalli sai ya ɗaga a hankali ya naɗe kansa a bayan kujerar baya, kamar mace tana ninke mayafi. Yaya, da na ga sama ta buɗe a kan kujerun nan sai da numfashina ya tsaya.

Kawu ya ce injinsu ɗaya da na motar iyali da kowa ya sani, don haka kayan gyara ba wahala, kuma ba sa kwana a gareji. Ba motocin tsere ba ne, lallaɓawa suke yi, ramin hanya ma da ƙyar mutum zai ji shi a bayansa. Manya biyu za su zauna a baya ba tare da gwiwa ta daki haɓa ba. Aibinsu ƙofofin dogaye ne masu nauyi, in an faka a matsatsin wuri sai an yi ta karkacewa kafin a fita. Ita farar kuma but ɗinta na zuba kaya ya fi ƙanƙanta, sannan in rufin yana rufe gilashin bayan ɗan mitsitsi ne, komawa baya sai da lura. Ya ce motar magidanci ce ta sa kayan samari. Na so in rubuta hakan, ya ce kar in kuskura.

An ajiye farar a ƙarƙashin bishiyar kusurwa. In na taso daga makaranta nakan ɗauki makullin in ce zan goge ƙura, in buɗe rufin, in kwanta a kujerar baya da littafina. Ganye yana motsi a kaina, hasken yana ɗiga a kan shafin. Ɗakinmu ya yi mini faɗi tun da gadonki ya zama babu kowa, amma a nan ba na jin haka.

Ki gaida ƙawarki mai yawan dariya.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya kuma jarrabawar da kika ambata ta zo da sauƙi. Na ga amsarki, na karanta sau huɗu. Kin ce in rage karatun littattafan soyayya kar su cinye mini ƙwaƙwalwa. Ina jin kin makara.

Ruwan tokar ta tafi cikin kwana shida. Wani malamin asibiti ne ya karanta takardar, ya buɗe but ya rufe, ya gwada ƙofar sau biyu, ya ce gaskiya ne tana da nauyi, ya ɗauka. Ina tsaye ina kallon gurbin da ta bari, na san ta gaba ita ce tawa.

Akwai abin da zan faɗa miki, ki rufa mini asiri. Na ɓamɓare takardar farar na sake wata. Duk abin da Kawu ya faɗa na bar shi, sai dai a ƙasa na ƙara layi uku: rufin yana yoyo in ana ruwa, giya tana fizga, inji yana zafi a cunkoso. Babu ɗaya da yake gaskiya. Na kai wa Baba na ce rana ta koɗar da waccan, na ɗora yatsa, ya sa hannu yana hira da wani. Kawu kuwa kin san ba ya duba rubutu, abin da ya faɗa ya faɗa.

Na gaya wa zuciyata ai ban cuci kowa ba. Masu ƙarya yabon kayansu suke yi, ni kushewa na yi. Wata ɗaya kawai nake so, ko biyu.

Da ma kin ga inda nake zuwa a cikinta! Nakan riƙe sitiyari in lumshe ido, sai ga hanya doguwa babu kowa, bishiyoyi suna sunkuyowa, ruwa yana sheƙi ta gefen hagu. A kujerar kusa da ni akwai wani, ban taɓa ganin fuskarsa sosai ba, agogonsa kawai nake gani da yadda yake yin shiru irin na masu tunani. Ba ya tambayata me ya sa ba na magana.

Shekaranjiya har na ɗauka ya fito daga littafin. Wani saurayi ya shigo, dogo, da farar riga da agogo. Na laɓe a bayan tagar ofis, na riga na kai mu babi na tara. Sai ya daki taya da ƙafa, ya tsaya yana sakace da kan makullinsa yana karanta takardar, ya yi tsaki ya fita. Na yi dariya ni kaɗai har da hawaye. Shi ne na biyar da layukan nan suka kora.

Baba ya fara mamakin yadda mota mai kyau haka ta ƙi motsi. In ya faɗa sai in sunkuyar da kai in yi ta gyara biro.

Ki yi mini addu'a, kar ki yi mini faɗa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya. Ni dai jikina lafiya, amma kwana biyu ko littafi na buɗe ba na gane abin da ke ciki.

Jiya da hantsi wata mata ta zo, za ta kai shekara sittin, gajera, da tabarau mai igiya da takalmi shafaffe. Malamar koyar da tuƙi ce, ta ajiye aiki bana. Ta gaya wa Baba shekara talatin tana zaune a kujerar gefe ƙafarta a kan birkin malami, tana kallon madubi tana jiran kuskuren wani. Yanzu tana son motar da za ta tuƙa ita kaɗai ba don ta koya wa kowa komai ba, kuma tana son ganin sama.

Ta karanta takardar har ƙasa. Na jira tsakin da na saba ji, sai na ji ta ce a kawo mata tiyo. Ta sa aka rufe rufin, ta yi ta feshin ruwa ta kowane ɗinki, sannan ta shiga tana shafa kujeru da tafin hannu. Ko ɗigo. Ta ɗauki Kawu suka shiga cunkoson bakin kasuwa fiye da awa ɗaya. Da suka dawo ta buɗe gaban motar, ta kara kunne, ta rufe.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Baba ta ga dillalai masu ɓoye aibi iri-iri, amma ba ta taɓa ganin mai yi wa motarsa ƙazafi ba. Ko dai akwai babban aibin da ake ɓoyewa a bayan ƙananan ƙarairayi, ko kuma sa hannun da ke ƙasan takardar ba ya nufin komai. Ɗalibanta da yawa ta turo nan saboda takardar nan, yanzu ba ta san me za ta ce musu ba. Ta karanta masa layukan uku da bakinta. Ta ce za ta dawo Asabar ta ji amsa.

Baba ya juya ya dubi Kawu. Kallo ɗaya ne, amma Kawu ya ajiye sifana ya ce shekara ashirin yana shiga ƙarƙashin motocin filin nan bai taɓa faɗin abin da bai gani ba. Ya wanke hannu ya tafi gida tun kafin azahar. Yau bai zo ba.

Ni kuwa ina tsaye da tiyo a hannu, ruwa yana zuba a kan ƙafata. Babu wanda ya dube ni, Yaya. Ko a ransu ba su kawo ni ba, ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya. Na buɗe baki, maganar ta gudu kamar yadda ta saba.

A littattafaina in yarinya ta yi laifi sai ta suma, ta farfaɗo an riga an yafe mata. Na jira, ban suma ba.

Ƙanwarki mai kunya,
Auta

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina fata kin warke daga murar da kika ce ta kama ki. Takardarki ta iso ranar Juma'a, layi biyu kacal cewa in faɗi gaskiya da bakina, kuma na bi su.

Da safiyar Asabar na je gidan Kawu da ƙafata na roƙe shi ya zo fili. Da Malama ta iso, na tsaya a gabansu su uku na faɗa. Ban san yadda kalmomin suka fito ba, idona yana kan takalmin Malama har na gama. Na ce ni na ƙara layukan, Kawu bai sani ba, Baba bai gani ba, kuma na yi ne don kar a sayi motar, saboda a cikinta nake karatu tun da kika tafi.

Kawu ya riƙe haɓa ya ce shi da ake zargi ashe ɓarawon yana sanye da kayan makaranta. Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Ban karanta ba ne don ke ce idona." Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Ya juya ya ba Kawu haƙuri a gaban kowa, ya ba Malama.

Malama ta tambaye ni ko na taɓa shiga motar tana tafiya. Na girgiza kai. Ta ce to yaya mutum zai yi wa mota shaida, ta alheri ko ta sharri, bai taɓa jin tafiyarta ba? Ta nemi izinin Baba, ya ɗaga hannu kawai.

Yaya, ashe duk tafiye-tafiyen da na yi a ƙarƙashin bishiya babu iska a cikinsu. Da muka fita daga cunkoso ta danna maɓallin, rufin ya ninke, sama ta sauko mana gaba ɗaya. Fitilun titi suna wucewa ta kaina ɗaya bayan ɗaya, tsuntsaye a kan waya, wata mata tana shanya a bene ta tsaya tana kallonmu. Injin ba ya ko tari, kamar numfashin mai barci. Na riƙe ɗankwalina da hannu biyu. Malama tana tuƙi da hannu ɗaya tana murmushi ita kaɗai, ba ta tambaye ni me ya sa ba na magana ba. Sai da muka juyo na tuna ban nemi mai agogon nan ba ko sau ɗaya.

Ta ce za ta ɗauki motar, amma sai da sabuwar takarda. Na zauna a ofis na rubuta duk abin da Kawu ya faɗa tun farko, na ƙara abin da na ji da jikina: kujerar tana rungumar baya, ramin hanya ba ya kaiwa ga ƙashi, na gaba suna iya hira ba tare da ɗaga murya ba ko rufin yana buɗe. A wajen aibi na rubuta nauyin ƙofa, ƙanƙantar but, ƙaramin gilashin baya, da kuma cewa mai ɗankwali ta ɗaure shi da kyau.

Na kai wa Baba na ɗora yatsa inda na saba. Sai ya janye takardar a hankali, ya zaro sabon tabarau daga aljihu. Ashe ranar Juma'a ya je aka gwada masa ido. Ya bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye kamar an dasa ni. Ya kai ƙarshe, ya koma sama ya sake. Sannan ya sa hannu.

Ta tafi da la'asar, rufin a buɗe, ta yi mini hon sau biyu a bakin ƙofa. Yanzu wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ce a ƙarƙashin bishiyar, tana warin man inji, babu mai mafarkin da zai zauna a cikinta. Ina karatu a kan gadonki, kar ki ji haushi.

Da muke rufe fili Baba ya cire tabarau yana gogewa, bai dube ni ba ya ce daga yau kowace takarda sai ya karanta da kansa. Na ce to. Sai ya ƙara da cewa ta yau ɗin nan ko ke ba ki taɓa rubuta kamarta ba, amma kar in gaya miki.

Mama tana gaishe ki, Kawu ma. In kin zo hutu ki yi kamar ba ki ji ba.

Taki mai ƙaunarki,
Auta