Jan Katin Kawu Settimio

Zuwa ga yayata Nives,

Bayan gaisuwa, ya yara, ya ƙafar Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni lafiya lau nake a Malmö. Aikin masana'anta ba laifi, barci ne kawai ya ɗan yi wuya.

Kin ji an fitar da ni daga gasar tafiyar sauri ta ƙasashe, tawagarmu ta faɗi. Dokar ita ce kada ƙafa biyu su bar ƙasa lokaci guda. In alƙalai uku suka ba ka jan kati, ka fita. Saura kilomita ɗaya, kati na uku ya fito daga hannun Kawu Settimio. Shi da ya koya min tafiyar yana cewa, "Ɗan ɗaga kaɗan, ido ba ya kamawa."

Na ce, "Kawu, kai?"

Ya ce, "Baƙi na kallona, Fulvio. So kake a ce na rufa wa ɗan ƙanwata asiri?"

Ki aiko min da safar ulu. Kada Mama ta ji zancen Kawu, wanta ne. Takalman da ya ba ni suna cikin ƙunshin nan. Ki mayar masa, ki ce na gode, ashe ido yana kamawa.

Ƙaninki,
Fulvio