Butar Inna da Na Kankare

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Na iso Wara da la'asar, ruwa ya yi mana dukan tsiya tun daga Yelwa. Wata biyu da rasuwar Inna, Baba ya rame har zobensa na azurfa yana yawo a yatsa. Yaya Surajo bai yi ƙarya a waya ba. Dama kowa ya san Baba ba ya karyawa sai da shayi, in kuwa bai karya ba, to ranar ta tafi ke nan, tuwon ma sai dai ya taɓa ya ture. Matar Yaya ta dafa, ya ƙi. An sayo na mai shayin bakin tasha, ya ƙi. Shi ne aka taso ni daga Birnin Kebbi, wai ni ce 'yar Inna. Hutun mako biyu aka ba ni a ofis. A kan shayi dai? Kwana biyu ya ishe ni.

Talata, 9 ga Yuli

Na nemo butar Inna a bayan gangar da take bandar kifi. Baƙa wuluk ciki da waje, ko taɓawa ba ka son yi. A cikin wannan aka yi shekaru ana ba mutum abin sha! Na zauna da toka da yashi da soson waya tun hantsi har azahar, sai da na ga fuskata a jikinta. Farcena biyu sun karye. Gobe a kan ƙaramin gas ɗin da na zo da shi zan ɗora, cikin tsafta.

Laraba, 10 ga Yuli

Citta, kanumfari huɗu, kimba ɗaya, masoro kaɗan, girfa, ganyen shayi, madara. Ƙamshi har waje. Baba ya kurɓa sau ɗaya, ya ce, "Ya yi daɗi ƙwarai. Allah shi yi miki albarka, Rahama." Ya ajiye kofin a gefen tabarma, ƙuda suka shanye rabonsu.

Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu yana yi wa Inna mita kullum safiya, "Hasiya, citta ta yi yawa," amma yana miƙa kofi a ƙara masa. Ni na dafa daidai, ya yaba, ya ƙi sha. Wannan wane irin abu ne?

Alhamis, 11 ga Yuli

"Ya yi daɗi." Ya ajiye.

Asabar, 13 ga Yuli

Na gwada madarar gwangwani. Na gwada ta gari. Yau na tare Bafulatana tun kafin ta shiga kasuwa na sayi ta shanu mai ɗumi. Na rage kanumfari, na ƙara, na cire girfa gaba ɗaya. Amsar dai ɗaya ce, da wannan murmushin da ake yi wa baƙo. Da zai zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Maganin hawan jininsa ba a sha da yunwa. Jiya jiri ya ɗebe shi a ƙofar masallaci, sai da aka riƙo shi. Yaya ya ce in har ranar Lahadi ta sama bai fara cin abinci ba, zai sa shi a mota ko yana so ko ba ya so, a kai shi asibiti Yelwa a yi masa ƙarin ruwa. Baba kuwa ya rantse ba zai sake taka wurin ba, don a can Inna ta cika. Na san su biyun. Za a yi abin da ba za a manta ba a gidan nan.

Litinin, 15 ga Yuli

Na yi masa tsawa. Ni, Baba. Na ce ya faɗa mini abin da ya rage a shayin nan ko na huta. Ya dube ni ya ce, "Ni ban sani ba, ɗiyata. Ban taɓa ganin yadda taka yi nai ba. Kawo min kawai taka yi."

Shekara talatin! Bai taɓa leƙawa ba. Maza dai.

Na shiga ɗaki na yi kuka, na haushi ne, ba na komai ba.

Laraba, 17 ga Yuli

Gwaggo Rachel ta zo gaisuwa, ƙawar Inna ce, tare suka yi sana'ar banda tun kafin a haife ni. Tana shigowa ta hango butar tana ƙyalli a kan gas, ta dafe ƙirji.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na ce ni ce, da alfaharina.

"Ke, Rahama! Hayaƙin shekara talatin kinka kankare da yashi? Innarki ko sabulu ba ta bari shi taɓa ta, ɗauraya kawai."

Wai ashe Inna ba ta taɓa dafa shayi a murhun girki ba. Da asuba in ta hura wutar banda ta jera kifi a kan raga, sai ta tura butar gindin ganga, cikin garwashi, murfi a buɗe. Man kifi na ɗiga a wuta, hayaƙi na shiga ruwan. In ta zuba madara sai ta sake mayarwa har ta taso sau biyu. Ba don gwaninta ba, in ji Gwaggo, don kada ta hura wuta biyu ne kawai.

Wato duk wahalar nan da nake sha, shayi mai warin kifi Baba yake nema. Gwaggo ta yi ta dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske. Ni ban yi dariya ba.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ba zan hura bandar nan ba. Shekara shida a makarantar kwana ana toshe hanci in na buɗe akwatina, ana ce mini 'yar banda. Na wanke kayana da sabulu har hannuna ya yi kanta. Na yi karatu ne don in rabu da hayaƙin nan, yanzu kuma a ce in koma gindin ganga saboda kofi ɗaya.

Yau ko kurɓa bai yi ba. Ya dai ce ya gode.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na karɓi tarwaɗa takwas a wurin Yaya da ya fito daga ruwa. Itacen duk ya jiƙe, na yi ta fifita kamar mahaukaciya, ido na ruwa, majina na zuba. Madarar ta kama, toka ta faɗa ciki. Matar Yaya tana leƙe ta taga, ta ɗauka ban gan ta ba.

Ina cikin tari na ji motsi. Baba ne ya fito da sandarsa, ya jawo turmi ya zauna nesa kaɗan. Hancinsa kawai yake buɗewa. Na ba shi, ya kurɓa sau uku. Bai ce ya yi daɗi ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Rabin kofi da ƙosai ɗaya. Gashina, ɗankwalina, har littafin nan, duk warin banda. Yaya ya ce ƙosai ɗaya ba abinci ba ne, ya riga ya yi magana da direba, gobe ƙarfe tara.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na tashi da haushin kowa. Na daka citta da yawa, da gangan, don huce takaici, na watsa. Na bar butar a garwashi har ta taso sau biyu. Mota ta iso, direba na ta matsa hon, Yaya na tsaye da jakar kayan Baba.

Baba ya kurɓa. Ya yamutsa fuska. Ya sake kurɓa, ya shanye tas, ya tsoma burodi a ɗan abin da ya rage a gindin kofi. Sannan ya ce, ko kallona bai yi ba, "Citta ta yi yawa." Ya miƙo kofin.

Yaya ya ajiye jakar a hankali ya fita ya sallami direba. Ni hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Talata, 23 ga Yuli

Jiya ya kamata in koma aiki. Na buga waya na roƙi ƙarin mako ɗaya, don in koya wa matar Yaya ne kawai, ba wani abu ba. Ni ma na sha kofi ɗaya yau, ɗanɗanawa. Ba laifi.

Gindin butar ya fara baƙi. Ɗazu na ga matar Yaya ta ɗauke ta tare da kwanoni za ta kai wanke-wanke, soson waya a hannunta. Ihun da na yi har awaki suka watse. Na karɓe na ɗauraye da ruwa kawai, na mayar bayan ganga inda na same ta.

Citta ta kusa ƙarewa. Gobe sai na shiga kasuwa.