Filafilin Iya

Alhamis da dare, Haɗeja

Yau na yi magana a gaban mutane, kuma ban mutu ba!

A ƙungiyarmu ta muhawara ba a magana sai an riƙe tsohon filafilin kwalekwalen nan. Yau layi ya zo kaina. Ashe Malama ta gayyato kakata, Iya Falmata, ta ba mu tarihi. Iya ta ce shekarar da ambaliya ta cinye ajinsu, a bakin kogi suke zama jiran jirgi, surutu ya ishi malaminsu. Sai ya ce mai riƙe da filafili kaɗai ke da magana. Haka ƙungiyar ta fara.

Da ta miƙo mini shi, sai ta raɗa mini, "Ke 'yar nan, kin ga tabon can? Haƙorina ne. Tsoro ya sa na cije shi ranar farko."

Iya fa, da ake jin muryarta daga kasuwar kifi! Dariya ta ƙwace mini. Na ɗora yatsa a kan tabon, na fara.

A hanya ta ce muryata kamar ta sauro, amma har bayan aji ta kai.